Tantabarun Malam Sada

A gida Zailani nake.
A aji kuwa sunana Rawar-Kai,
mai kunnen ƙashi, mai ƙaya a mazauni,
wanda ke ɓatar da biro huɗu kafin Laraba.
Inna ta aike ni sayen kanwa 'Yar Kutungu,
na dawo da labarin wani mai gyaran rediyo,
kuɗinta cif a hannuna,
babu kanwa.

Na sha bulala, na sha rubutu,
an kai ni gun mai tofi a Ƙofar Guga.
Sai da na shekara sha bakwai
wata likita ta aje alƙalami ta dube ni,
ta kira sunan abin da haruffa huɗu na boko,
ta ce, ba taurin kai ba ne, ba aljani ba ne,
haka ƙwaƙwalwarka ke tafiyarta.
Inna ta yi hawaye a hanyar gida.
Ban sani ba ko na sauƙi ne
ko na bulalan da ba su karɓuwa baya.

Haka na faɗa hannun Malam Sada,
Rafindadi, gida na biyu bayan famfo,
tsohon malamin lissafi mai kiwon tantabaru.
Ranar farko bai buɗe littafi ba.
Ya hau da ni bisa soro, ya buɗe masu ƙofa,
suka tashi fir, suka yi wajen Gobarau.
Na ce, Malam, sun gudu.
Ya ce, jira.

Da suka sauko ɗaya bayan ɗaya ya ce,
ban taɓa ɗaure ƙafar ko guda ba.
Tashi halinsu ne, da shi aka ƙyanƙyashe su.
Ni dawowa kawai na koya masu.

Sai agogon tebur mai ƙararrawa, minti goma.
Sai gwangwanin madara, da ƙwallayen dabino a gefe.
Duk sa'ad da hankalina ya tashi,
ko don kukan babur,
ko ƙamshin ƙosan maƙwabta,
ko tunanin shin kifi na jin ƙishirwa,
in na farga na komo kan layi
sai in jefa ƙwallo ɗaya. Ƙwal!
Ba tafiyar muke ƙirgawa ba.

Baƙon tunani in ya yi sallama
in ba shi masauki a takardar gefe:
zauna nan, ina zuwa.
Ƙararrawa ta buga, in zaga tsakar gida sau uku,
in sha ruwan randa, in koma.
Aikin da ya tsaya mani kamar ganuwa
ya gutsuttsura mani shi loma-loma.

Akwai Talatar da na yi jifa da gwangwanin.
Ƙwallaye suka watse har ƙarƙashin tabarma,
na ce ni dai ku bar ni, kaina ba ya gyaruwa.
Bai ce uffan ba.
Ya duƙa, da gwiwarsa mai ciwo, yana tsinta.
Kunya ta durƙusar da ni kusa da shi.
Talatin da ɗaya muka samu.
Ya ce, saura guda. Gobe ka zo da dabino.

A ɗakin jarrabawa babu gwangwani,
sai na riƙa ƙwanƙwasa benci da farce, a hankali,
ni kaɗai na san me nake ƙirgawa.

Kada in yi maku ƙarya, har yau ina tashi.
Shekaranjiya na baro hulata a masallaci.
Jiya Inna ta sake aikena, tana kallona ta wutsiyar ido.
Na rubuta a tafin hannu: kanwa.
Mai rediyon na nan, ya yi furfura, na tsaya mun gaisa,
na buɗe hannu, na gani, na wuce.

Na kawo kanwar.
Canjin ne na bari a kan tebur,
na koma da gudu.